Falgore da Baturiya sun shiga gandayen ƙasa, to me zai dawo da namun dajin?

Sabi'u, Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Magana ce ke yawo a kasuwanninmu, wai tunda tarayya ta sa dajin Falgore na Kano da dausayin Baturiya na Jigawa cikin gandayen daji na ƙasa, shi ke nan sun shiga jerin wuraren gado na duniya na UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kuɗi zai zo daga waje. Malam Habu, kai ka san dokar, a warware mana. Abin da ya fi damuna ma shi ne, wane aiki ne takamaimai zai dawo da gwanki da ɓauna Falgore?

Malam Habu, Doguwa:
Wa alaikumus salam Sabi'u. An cakuɗa abubuwa ne. Falgore tun zamanin Turawa gandun itace ne, ana ce masa Kogin Kano, daga baya jiha ta mai da shi gandun namun daji. Faɗinsa wajen murabba'in kilomita 1,000, ya taɓa Doguwa da Tudun Wada da Sumaila. Gandun ƙasa kuwa na tarayya ne, yana ƙarƙashin hukumar gandayen ƙasa da dokar 1999. Da guda bakwai ne: Kainji, Tafkin Chadi, Kuros Riba, Gashaka-Gumti, Kamuku, Okomu da Tsohuwar Oyo. A 2020 Shugaba Buhari ya amince a ƙara goma, cikinsu akwai Falgore da Baturiya da dajin Kogo na Katsina. A gandun ƙasa doka ta hana farauta, kiwo, sare itace, noma, da shiga da makami ba izini. Kuma ba matsayi ne na har abada ba. Yankari ya zama na tarayya a 1991, aka mayar wa Bauchi a 2006.

UNESCO daban ce. Yarjejeniyar 1972 ce, kuma wuri biyu Najeriya ke da su a jerin: Sukur a Adamawa tun 1999, da kurmin Osun-Osogbo tun 2005. Dukansu don al'ada aka sa su. Na halitta ba mu da ko ɗaya. Mafi kusa da mu suna Nijar: duwatsun Abzin da hamadar Tenere a 1991, sai gandun W a 1996, wanda aka haɗe shi da Arli na Burkina Faso da Penjari na Benin a 2017. Kafin wuri ya shiga, sai ƙasa ta fara sa shi a jerin share fage na aƙalla shekara guda, ta rubuta kundin hujja, ƙungiyar kare halittu ta duniya, wato IUCN, ta turo masana su taka dajin da ƙafarsu, sannan kwamitin ƙasashe 21 ya yanke. Abu uku suke dubawa: me wurin ke da shi da duniya ba za ta so ta rasa ba, shin yana nan da ransa, kuma akwai tsarin kula da shi da ke aiki. Ana ma iya cire wuri. A 2007 an cire wani gandu a Oman bayan gwamnatin ƙasar ta zaftare kashi 90 cikin ɗari na faɗinsa.

Malama Rabi, Haɗeja:
Malam Habu ya faɗi daidai, sai dai a ƙara cewa Baturiya na da nata sunan a duniya tuntuni. Tana cikin dausayin da yarjejeniyar kare dausayi ta duniya, wato Ramsar, ta amince da su tun 2008, tafkin Nguru da mashigin Marma kuma tun 2000. A 2020 UNESCO ta sa yankin Haɗeja da Nguru da Bade a wani tsarinta na daban, wanda ake raba ƙasa uku: tsakiya ba a taɓawa, zagayenta ana amfani da sharaɗi, waje kuma garuruwa da gonaki. Ina jin nan ruɗanin ya samo asali. Ramsar ba ta hana kamun kifi ko noman shinkafa ba. Ɗaya daga ma'aunanta shi ne dausayi ya riƙa ɗaukar tsuntsayen ruwa 20,000 a kai a kai.

Tsuntsayen kashi biyu ne. Akwai 'yan gida kamar kirinjijiya da ɗinya da ɗani da zalɓe da balbela. Akwai baƙi da ke tasowa daga Turai da Rasha su ƙetare Sahara, su sauka wajen Oktoba, su juya wajen Maris. Shi ya sa ake ƙidaya a tsakiyar Janairu, lokacin kowa na nan kuma ruwa ya ja ya tattara su.

Injiniya Nasiru, Auyo:
Sabi'u, a daina raba Falgore da Baturiya a tunani, kogi ɗaya ne. Kogin Kano ya ratsa Falgore ya zuba a madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974. Kogin Chalawa kuma aka tare shi da dam a Ƙaraye a 1992. Su biyun ne ke haɗuwa kafin Wudil su zama kogin Haɗeja. Idan aka sare itacen bakin kogi a Falgore, yashi ya gangaro ya cike Tiga. Idan aka canja yadda ake sakin ruwan Tiga, Baturiya ce za ta ji a jikinta.

Dausayi da ambaliya yake rayuwa, amma ambaliya mai lokaci. Ruwa ya hau a Agusta da Satumba, kifi ya bi shi ya yi ƙwai a cikin ciyawa, ruwan ƙasa ya ƙoshi, sannan ya janye a hankali daga Nuwamba, mashigai su bushe ƙaf kafin bazara. A wajen 1970 filin da ke cika ya haura murabba'in kilomita 2,000, a farkon shekarun 1990 bai kai 1,000 ba. Yanzu dam na riƙe ƙololuwar ruwan damina, yana kuma sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk rani don noman rani da ruwan sha. Mashigin da ya saba bushewa wata uku ya daina bushewa. Abin da kacalla, doguwar ciyawar ruwan nan da ke toshe mashigai, ke nema ke nan.

Sabi'u, Tudun Wada:
Ranka ya daɗe, ai mutane na ƙone kacallar duk shekara. Me ya sa ba ta mutuwa?

Injiniya Nasiru, Auyo:
Don ranta ba a ganye yake ba, a saiwar da ke shimfiɗe cikin laka yake. Wuta ta cinye sama, toka ta zama taki, bayan sati uku ta fito kore shar. In ka tsinke ganyenta ka duba ciki za ka ga ramuka kamar soso, ta nan iska ke sauka zuwa saiwa. Don haka a yanke ta a ƙarƙashin ruwa, kamar kamu ɗaya ƙasa da fuskar ruwan, yadda kututturen zai nutse ya shaƙe. In ta sake leƙowa bayan sati uku ko huɗu a sake yanka, sau biyu ko uku a jere. A yi kafin ta fitar da kan nan mai kama da gero, don kai ɗaya irinsa ya fi dubu ɗari, iska ce ke kwasa.

Kuskure biyu ke ɓata aikin. Na farko a yanka a bar tarin a cikin mashigi, ya ruɓe ya kama laka ya zama sabon toshi. Dole a ja shi tudu. Na biyu a yanka daidai lokacin da ruwa ke ja, kututture ya fito sarari ya sha iska. Kuma masu aikin su sa dogon takalmin roba, domin ruwan kacalla gidan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya ne.

Malama Rabi, Haɗeja:
Injiniya, yanka na buɗe hanya, amma in ba a bar mashigin ya bushe ko da na sati shida zuwa takwas ba, shekara biyu ta dawo. Gayyar ƙauyuka ba za ta iya da abin da jadawalin dam ke haifarwa ba. Kuma cutar ba ta manomi da masunci ce kawai ba. Agwagwar ruwa na son buɗaɗɗen ruwa marar zurfi da tabon baki, kacalla ta rufe duka biyun. Wanda ke murna shi ne jan baki, ya sami makwanci a tsakiyar ruwa inda ba mai isa, da asuba ya faɗa shinkafa.

Sai maganar kamun kifi. Dumba da ake tare mashigi da ita a jera gura tana rage gudun ruwa, laka ta kwanta, kacalla ta samu gindin zama. Ƙa'idar raga ita ce ido kada ya gaza inci uku, amma har da gidan sauro ake jan kifi, a kwashe 'ya'yan da ba su kai yatsa ba. Masu zuba maganin ƙwari Gamalin a ruwa kuwa kifi da kwaɗo da tsuntsun da ya ci su duk suke kashewa.

Malam Buba, Sumaila:
Ina sauraro, kuma na san inda maganar za ta ƙare, a kan makiyayi. Kafin a ce saniya ta fita daga daji a faɗa mana ina za ta. Burtalin da ake bi da garke biyu su gifta yanzu wani wurin ko amalanke ba ya wucewa. Mashaya an zagaye ta da albasa da tumatir. Fadamar da ake kiwon rani ta zama shinkafa. Daga Fabrairu zuwa Mayu ruwa da ɗanyar ciyawa suna cikin gandu ne kawai. Ba don sha'awa ake kai dabba inda tsando yake ba, sammore na cin dukiya, kuɗin allura ba kaɗan ba. In aka zo da bindiga da tara kawai, shanu za su riƙa shiga da dare, wanda aka kama ya sayar da bijimi ya biya, gobe ya koma don ya mai da asararsa. Da haka aka gwada a wurare da yawa, daji bai dawo ba, sai gaba.

Baba Iliya, Riruwai:
Malam Buba, maganarka gaskiya ce, amma bari in faɗa maka abin da saniya ke yi wa gwanki, don ba cin ciyawa ne kaɗai ba. Gwanki ɗa ɗaya take haifa bayan wata tara. In ta haihu ba ta yawo da shi, tana ɓoye shi a cikin doguwar ciyawa sati huɗu zuwa shida, safe da yamma take zuwa ta ba shi nono. In garke ya tattake gamba ta kwanta, ko aka ƙone filin gaba ɗaya, ɗan ya fito fili, dila da kare su gama da shi. Na biyu ruwa. Gwanki ba ya jure ƙishi, kuma ba ya sauka mashayar da ke warin shanu da hayaniyar mutane. A Maris tafkunan da suka rage a kogin ba su da yawa. In kowanne akwai garke, to an kore shi ba tare da an harba ko harsashi ba. Na uku sassabe. Kawo da maɗobiya da maɗaci su ake sare wa rassa a ba shanu, itacen da aka aske shekara uku a jere ba ya yin 'ya'ya. Cuta ma na tsallakawa, ciwon bushiya na 1983 daga shanu ya shiga ya karkashe ɓauna a Yankari.

Ban wanke maharba ba. Bindigar toka dabba ɗaya take kashewa a fita. Abin da ke share daji tarkon waya ne, irin wayar birkin babur. Mutum ɗaya ya ɗana hamsin a hanyar ruwa, ya duba goma, sauran su kama gada da mazo su ruɓe a banza. Sai farautar gayya da karnuka a mota, ba ta barin mai ciki ba ta barin ƙarami. Maharban zamanin da ba sa taɓa mace mai goyo, kuma da damina ta faɗi an rataye baka.

Malam Buba, Sumaila:
To Baba, mu yi maganar da za ta yiwu. A raba tafkunan rani. Na tsakiyar daji a bar wa naman daji, ko sanda kada ta shiga. Na gefe, ko rijiyoyin burtsatse masu sola a wajen iyaka, a ba makiyaya, da kwami dogo da zai ɗauki shanu ashirin a lokaci guda. Babbar saniya a bazara tana shan lita 30 zuwa 40 a rana, garken ɗari ya kusa lita 4,000. Duk wanda ya gina tanki ɗan mitsitsi ya ce ya yi mashaya, rana biyu za a koma kogi. A sake auna burtali a kafa turakun siminti, da dagaci da arɗo a wurin. A bar mutane su yanki ciyawa da lauje a gefen gandu a Oktoba da takardar izini, su ɗaure su adana. Ciyawar da aka yanka ai ita ce ba za ta ci wuta ba.

Malam Habu, Doguwa:
Dokar 1999 ɗin ma ta san da yankin da ke zagaye da gandu, ta kuma tanadi a yi aiki da mutanen wurin. Sai dai ni ban yarda a fara da sassauci a cikin iyaka ba, Malam Buba. Izinin yankan ciyawa shi ke zama izinin shiga da gatari, in ba ma'aikaci a ƙofa. Dubi gawayi. Ƙirya da marke ake nema don nauyinsu, ƙiryar da ta shekara hamsin tana girma a kwana huɗu ta zama buhu. Maɗobiya kuwa sai da aka sa ta a jerin itatuwan da ake sa wa ido a cinikin duniya a 2017 saboda yadda ake lodinta zuwa Sin. A fara da iyaka da sintiri, sannan rangwame.

Malam Buba, Sumaila:
In aka fara da sintiri kafin ruwa, bazarar farko za a yi rigima. A haƙa rijiyar tukuna.

Baba Iliya, Riruwai:
Abu biyun a tare za a yi su, amma akwai wanda ya riga su gaggawa, ita ce wuta, don ita ba ta jiran kasafin kuɗi. Dajin doka da maje ba a hana shi ƙonewa, lokaci ake zaɓar masa. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa Disamba ciyawa ta bushe a sama amma gindinta da ɗanye. A sa wuta da la'asar sakaliya, iska ta kwanta, raɓar dare ta kashe ta da kanta. Irin wannan wutar ba ta wuce gwiwa, tana tafiya a hankali, bushiya da kunkuru su kauce, ta bar tsibiri-tsibiri na ciyawa. Bayan kwana goma toho ya fito, nama ya samu abinci. Kada a ƙone fiye da kashi ɗaya cikin uku, kuma inda aka ƙone bana a bar shi baɗi. Kurmin bakin kogi ba a sa masa wuta ko kaɗan, zagaye shi ake yi da shara.

Wutar Fabrairu da Maris ita ce bala'i. Iskar hunturu na bayanta, tana hawa kan itace, ta kashe duk tsiron da bai kai tsayin mutum ba, ta ƙone ƙwan zabo da fakara, ta bar ƙasa tsirara ruwan farko ya wanke. Hanyar tare wuta a share ta faɗin mita shida zuwa goma, inda gamba ta yi tsayi a ƙara. Hanya mafi sauƙi: a share layi biyu siriri, a ƙone tsakaninsu da sanyin safiya, mutane riƙe da ɗanyen ganye. A gama kafin ƙarshen Nuwamba. In aka jira kuɗi ya fito a Janairu, an fafe gora ranar tafiya. Masu cin zuma ma a koya musu hayaƙi a gwangwani maimakon yayi, don sau da yawa gobarar dare daga gindin amya take tashi.

Sabi'u, Tudun Wada:
Baba, Allah ya ƙara girma. To in an yi duk wannan kuma babu sauran iri a dajin fa? Ba sai a sayo daga waje ba, kamar yadda aka kawo na gandun Sumu a Bauchi daga Namibiya?

Malama Rabi, Haɗeja:
Na Sumu an kawo su a 2006, kuma a killace suke. Jakin dawa da irin raƙumin dawan can ba na dajinmu ba ne, kallo ne, ba farfaɗo da daji ba. Ka duba Nijar. Raƙumin dawa irin namu na yammacin Afirka ya ragu zuwa 49 a 1996 a yankin Kure kusa da Yamai. Ba shinge aka yi ba, a cikin gonakin gero da wake suke yawo. An hana kashe su, an sa 'yan ƙauye jagorancin baƙi, an taimaka da rijiyoyi da rance. Sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas zuwa Gadabeji a jihar Maraɗi. Wannan ya ƙarfafa maganar Malam Buba, amma a lura raƙumin dawa ganyen sama yake ci, ba ya takara da saniya kamar gwanki.

Kafin a yi zancen sayowa a san abin da ya rage. Kyamarar da ke ɗaukar hoto da motsi a ɗaure ta a itace daidai gwiwa, ta fuskanci arewa ko kudu don kada rana ta haske ta, a share ciyawar gabanta mita uku in ba haka ba iska ta cika katin da hoton banza. Tazarar kilomita ɗaya zuwa biyu, a bar su aƙalla kwana talatin, a akwatin ƙarfe saboda ɓarayi da gwaggon biri. A haɗa da zaman gadi a tafkunan Maris da Afrilu, da karatun sawu da kashi, wanda tsofaffin maharba suka fi kowa iyawa. A maimaita a wuri ɗaya, wata ɗaya, duk shekara, in ba haka ba alƙaluman ba sa kwatantuwa. Mugun dawa da gada da zabo su ke fara dawowa don suna haihuwa da yawa. Gwanki da ɓauna sai an yi haƙurin shekaru.

Baba Iliya, Riruwai:
A sa ungulu a cikin ƙidayar. Da kowace mahauta akwai su, yanzu yaro ɗan shekara goma bai taɓa gani ba. Ƙwai ɗaya take yi a shekara. Wanda kura ta kashe masa akuya ya barbaɗa maganin ƙwari Furadan a mushe, kurar ta mutu, ungulu talatin su bi ta a yini guda. Ga masu sayen kai da ƙafa don magani.

Malama Rabi, Haɗeja:
Haka ne Baba, tun 2015 IUCN ta sa ungulun gida a matakin ƙarshe kafin ƙarewa. In an ga mushen da ake zargin guba, kada a taɓa da hannu tsirara, kada a ja shi zuwa ruwa. A tara itace a ƙone shi ƙurmus a wurin, a binne tokar da zurfi, a kankare ƙasar da jini ya jiƙa a haɗa. Tsuntsun da aka samu da sauran rai a lulluɓe kansa da buhu, a ajiye a inuwa, a kira likitan dabbobi nan take.

Malam Habu, Doguwa:
Sintirin ma yana da tsari. Mutum shida zuwa takwas a ƙafa, kwana biyar zuwa bakwai a daji, da na'urar da ke rubuta inda suka taka, don a ga wurin da ba a zuwa. Mai sintiri a kan titin Jos kawai ba zai ga tarko ba. Guzuri da alawus su fito kafin a shiga, domin ma'aikacin da ke bin bashin wata uku shi mai gawayi ke saye da buhu biyu. Kuma ba wanda zai kwana a dajin da ba tsaro, mun ga abin da 'yan bindiga suka yi wa Kamuku.

Malam Buba, Sumaila:
A ɗauki 'ya'yan rugage da na maharba cikin masu sintirin, su suka san kowane kwari. Injiniya, ƙasar gefen Falgore ta kudu dutse ce. Burtsatse zai ba da lita 4,000 a rana a can, ko sai dai ƙaramin dam na ƙasa?

Injiniya Nasiru, Auyo:
A ƙasar dutse ruwa a tsaga yake, sai an yi awon ƙasa kafin a haƙa, kuma a gwada jan ruwa na awa 24 a watan Afrilu, ba a Oktoba ba lokacin ko'ina na da ruwa. Rijiyar da ke ba da rabin lita a daƙiƙa, in sola ta yi aiki awa bakwai, ta haura lita 12,000, garke uku ke nan. In ba ta kai haka ba a yi dam ɗin ƙasa a ƙaramin rafi, zurfinsa kada ya gaza mita huɗu don rana na shanye kusan mita biyu kafin damina. A kewaye shi da waya, a jawo ruwan da bututu zuwa kwami a ƙasa, kada shanu su shiga ciki su farfasa bakin.